Goyon Ciki a Ɗakin Kulu

Kulu tana tsame awara daga kasko Lawan ya yi sallama a ƙofar gida. Ƙanin mijin 'yarta ne, mai surutu, wanda in ya zo sai ya tsoma hannu a faranti kafin ya gaishe ta. Ran nan bai kalli farantin ba. Ya durƙusa nesa da murhu ya ce, "Inna, wai ki zo Hotoro."

"Haihuwar ce? Ai watanta bai kama ba."

Ya sunkuyar da kai. "Sai haƙuri, Inna. Allah Ya yi wa Zahra'u rasuwa, ita da abin da ke cikinta."

Kulu ta ci gaba da tsame awarar har ta kwashe ta duka. Ta sauke kaskon, ta yayyafa wa gawayin ruwa, sannan ta yi salati ta shiga ɗaki ɗauko mayafi. Daga baya matan gidan suka riƙa cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irinta ba. Ita dai ta san ba haka abin yake ba. Zahra'u 'yar fari ce, kuma a gidan da Kulu ta tashi, can wajen Garko, uwa ba ta nuna wa ɗan fari so a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta zuba masa ido, ba ta tambayarsa inda ke masa ciwo. Tun yarinyar tana goye take ce mata "ke" ko "yarinyar nan", da aka yi mata aure ta koma "ta Hotoro". Ta daɗe tana ɓoyewa, har ranar da ya kamata ta yi kuka ta rasa ta inda za ta fara.

A Hotoro aka ba ta labari. Zahra'u ta tashi da ciwon kai, ta ce tana ganin wuta-wuta a idonta. Da hantsi ta faɗi tana jijjiga. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka aika kiran mai ruƙiyya. Kafin a samu mijin a kasuwa, kafin a sa ta a mota, lokaci ya ƙure.

Abin da ya tsaya wa Kulu a rai shi ne zuwan yarinyar na ƙarshe gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi. Da silifas ɗin mijinta ta zo, don nata sun daina shiga. Fuskarta ta cika, idanunta sun ƙanƙance. Kulu ta gani sarai. Ta ja wata maƙwabciya gefe ta ce ta tambaye ta, maƙwabciyar ta yi dariya ta ce tagwaye ne ke tafe. Shi ke nan. Kulu ta ƙulle mata awara a leda, ta tsaya a zaure tana kallon bayanta har ta sha kwana.

Bayan an yi arba'in Malama Binta ta shigo gidan. Ma'aikaciya ce a ƙaramin asibitin Tarauni, tana bin gida-gida da jaka a kafaɗa tana neman masu ciki. Kulu ta ba ta tabarma, ta bari sauran mata suka watse, sannan ta tambaye ta ba kwana-kwana.

"Malama, mace mai ciki in ƙafarta ta kumbura, fuskarta ta cika, tana ciwon kai, mene ne?"

Binta ta san labarin. Ta ajiye jakarta ta ce, "Sau da yawa hawan jini ne, Inna. Shi ke kawo jijjigar."

"Ba iska ba?"

"Ba iska ba."

"Da an auna ta, da an gani?"

Binta ta ce, "Rai na Allah ne. Amma da an gani, kuma akwai magani."

Kulu ta gyaɗa kai. Daga bakin layinsu ana hango katangar babban asibiti, ta wuce ta gabansa ya fi a ƙirga, ba ta taɓa jin cewa nasu ba ne.

Binta ta ce yanzu har saƙon murya ake tura wa masu ciki da Hausa, ana tuna musu ranar awo da alamomin da ba a wasa da su. Matsalar, yawanci lambar miji ake bayarwa, shi kuma yana kan titi, in ya ji muryar mace tana bayani sai ya ɗauka tallan kamfanin waya ne ya kashe. Sai ta ciro wata na'urar auna hawan jini daga jaka, mai maɗauri da ake naɗawa a damtse. Ta ce suna neman dattijuwa a kowane layi da za a bar wa guda ɗaya.

"Ni ban yi boko ba," in ji Kulu. "Lambobin nan duk ɗaya suke a idona."

"Kin san danjar titin Zariya?"

"Wa bai san ta ba?"

"To irinta ce. In ta nuna kore, lafiya. In ta nuna ruwan ɗorawa, ki turo min mai cikin asibiti. In ta nuna ja, kada ki tsaya neman mayafi, ki kira ni kuna hanya."

Kulu ta karɓa ta juya ta a hannu. Ta naɗe ta a wani tsohon ɗankwali ta sa a cikin kwalla, inda take ajiye abin da ba ta so yara su taɓa.

A gidan hayar akwai wata amarya, Huraira, a ɗakin da ke kallon na Kulu. Daga wani ƙauye bayan Sumaila aka kawo ta, mijinta Garzali yana tuƙa Adaidaita Sahu. Yarinya ce mai kunya, in ta yi dariya sai ta rufe baki. Duk gidan an san tana da ciki, ita kaɗai ce ba ta yarda ba. Da zumbulelen hijabi take shara, da shi take wanke-wanke.

"Huraira, wannan hijabin da kike dakan yaji da shi, limanci za ki ja mana?"

"Sanyi nake ji, Inna."

"A zafin nan da ƙadangare ma ke neman inuwa?"

Yarinyar ta rufe baki. Kulu kuwa ba fuskarta take kallo ba. Ƙafarta take kallo, inda igiyar silifas ta nutse a cikin nama ta bar shaida.

"Zo nan. Miƙo hannu."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Na ji. Injin nake gwadawa, tun da aka ba ni ban san ko yana aiki ba."

Na'urar ta kumbura, ta saki iska a hankali, ta nuna ruwan ɗorawa. Kulu ta kwance ta sake ɗaurawa. Ruwan ɗorawa dai.

Washegari ba ta soya awara ba. Ta tasa Huraira gaba har asibitin Tarauni. Binta ta auna ta, ta sa aka duba fitsarinta, sannan ta jingina wata babbar waya a kan tebur, sai ga fuskar wata likita daga babban asibiti tana magana kamar tana ɗakin. Huraira ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Ita ma tana ganina?" ta tambaya a hankali.

"Ina ganinki, har kunyarki ina gani," in ji likitar, aka yi dariya.

Likitar ta ce a fara ba ta magani, a riƙa auna ta kullum, kuma kada ta yi nisa da asibiti har ta sauka. Da Binta ta zo rubuta lambar waya, Huraira ta fara karanto ta Garzali. Kulu ta tura tata ƙaramar wayar gaba ta ce, "Sa wannan. Ni ba na kan titi."

Da yamma ta tare Garzali a zaure yana goge kekensa. Ya saurara har ta gama, ya cire hula ya sosa kai.

"Inna, wallahi na ji. Amma ni ba ni da ta cewa. Cikin fari ne, Innarta na nan zuwa ranar Juma'a ta tafi da ita goyon ciki."

Kulu ta san al'adar, ita ma an yi mata. Mace in cikinta na fari ya tsufa, ɗakin miji ba wurinta ba ne. Gidan iyaye take komawa ta haihu a gaban uwa, a yi mata wanka, sai ta yi arba'in a dawo da ita.

"Akwai asibiti a garin naku?"

"Sai an tsallake rafi. In ruwa ya sauka kuwa, ko babur ba ya wucewa."

"To ka faɗa wa surukar taka."

Ya zaro ido. "Ni? Inna, in na hango ta a layi ma kwana nake yi da keke. Ta ina zan fara cewa kada ta ɗauki 'yarta?"

Ranar Juma'a Hasana, mahaifiyar Huraira, ta iso da ƙullin gero da kuka a ka. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Garzali ya gaishe ta daga bayan ƙofa ya ɓace. Huraira ta kawo ruwa ta durƙusa, uwar ta karɓa ba ta kalle ta ba. Da ta sha, sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce wa yarinyar nan ta haɗa kayanta, da sassafe za mu kama hanya."

Kulu tana bakin murhu ta ji maganar, sai da ludayi ya kusa suɓuce mata. Muryarta ce sak. Haka ita ma Kulu ta riƙa yi wa bango magana shekara da shekaru.

Ta zuba tuwo ta kai wa baƙuwar ɗakinta. Suka ci, suka taɓa hirar damina da tsadar gero. Sannan Kulu ta kawo zancen na'ura, da abin da likita ta ce.

"Mu ma mun kumbura mun haihu," in ji Hasana.

"Haka ne."

"Kuma in na koma ba ita, me zan ce wa ubanta? Me zan ce wa dangi? A ce 'yar fari ta haihu a ɗakin miji kamar marar gata?"

Huraira ta gifta ta tsakar gida da bokiti. Hasana ba ta juya kai ba, amma Kulu ta ga idonta ya bi ƙafar yarinyar ta gefe, ya tsaya a kan idon sawun da ya ɓace cikin kumburi, sannan ya dawo kan kwano da sauri kamar an kama ta da sata.

"Kin gani ai," in ji Kulu.

Hasana ta gutsuri loma. Kulu ta ci gaba.

"Ni ma ina da irinta. Ta fari. Ta zo min nan da ƙafa irin wannan, tana zaune inda kike zaune. Wata huɗu ke nan da binne ta."

Hasana ta ajiye lomar da ke hannunta. "Allah Ya jiƙanta."

"Amin. Abu ɗaya zan roƙe ki, 'yar'uwa. Ki ba ni ita."

"In ba ki ita kamar yaya?"

"Kamar yadda ake ba da 'yar fari riƙo. A garinmu ana yi, na san a naku ma ana yi. Uwa tana kunya, sai ta miƙa wa wata da ba ruwanta da kunya. To ni ba ruwana. Zan kira sunanta, zan tambaye ta, in ta ɓoye min in ja kunnenta. Al'ada cewa ta yi ta bar ɗakin miji ta koma ɗakin uwa. Ba ta ce sai an hau mota ba. Ga ɗakin uwa nan. Ki je ki ce wa ubanta ta tafi goyon ciki, ba ki yi ƙarya ba."

Hasana ta ture kwano gefe. Sannan ta ce, "Ina abin awon?"

Kulu ta buɗe kwalla. Hasana ta naɗe hannun rigarta ta miƙo nata damtsen tukuna. Kore. Aka kira Huraira, ta zauna kanta a ƙasa. Na'urar ta kumbura ta saki, ta nuna ruwan ɗorawa. Uwar ta kalli hasken, ta kalli nata hannun.

Da gari ya waye Huraira ta fito da jakar kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. Hasana ta gama lazimi ta tashi. Ta ɗauki jakar da kanta, ta ratsa tsakar gida da ita, matan gida suna kallo, ta shiga ɗakin Kulu ta ajiye a gefen gado. Da ta fito ta fuskanci katanga ta ce, "A ce wa yarinyar nan ga uwarta nan. Ta ji maganarta."

Kulu ta raka ta zaure. A nan, inda ba mai ji, Hasana ta riƙe mata hannu ta rage murya.

"Ba ta son kuɓewa, ko ta ci don kunya ne. Kuma in tana jin ciwo ba ta faɗa. Tun tana ƙarama, sai dai ki ga tana murza kunnenta."

"Na ji."

"Na hagun," in ji Hasana, ta ja mayafi ta fita da sauri.

Haka Huraira ta tafi goyon ciki, taku kaɗan daga ɗakinta. Garzali ya koma baƙo a gidan da yake biyan haya. In ya dawo da lemo ko kankana sai ya tsaya a bakin labule ya yi sallama.

"Wa ake nema?" Kulu za ta ce.

"Inna, ni ne."

"Matar taka ta yi tafiya. Ajiye saƙon, in mun samu mai zuwa garin za mu aika mata."

Sai a ji dariyar Huraira daga ƙuryar ɗaki.

Kulu ta bar wa yarinyar gado ta koma tabarma. Safe da yamma tana ɗaura mata na'ura. In saƙon murya ya shigo sai ta ƙure ƙarar wayar ta ajiye a tsakar gida, har masu tsinkar zogale su ma su ji. Kuma tana kiran sunan, da dalili da babu dalili. Huraira, kin ci? Huraira, ɗaga ƙafar nan kan matashi. Huraira, me kike tunani? Har wata rana yarinyar ta ce, "Inna, za ki ƙarar min da sunan." Kulu ta ce ai ba saye ake yi ba.

Cikin ya shiga wata takwas. Wata Talata da hantsi, an kwana ana ruwa, Kulu tana tace waken awara ta ɗaga kai ta ga Huraira zaune a bakin ƙofa, yatsunta a kan kunnen hagu tana murzawa.

"Ina ke miki ciwo?"

"Ba komai, Inna."

"Huraira."

"Kaina ne kaɗan. Sai kuma kamar ana haska min fitila a ido."

Kulu ta goge hannu a zani ta ɗauko na'ura. Ja. Ba ta sake gwadawa ba. Ta kira Binta, ta kira Garzali. Yana kasuwar Tarauni da fasinja, ya ba su haƙuri ya sauke su a nan ya juyo. Kafin su isa ƙofar babban asibiti Binta ta riga ta yi waya, an fito da keken marasa lafiya ana jiransu. Aka yi wa Huraira allura, aka ce ba za a jira naƙuda ba, aiki za a yi.

Kulu ta zauna a benci a baranda, da ɗankwalin aiki a kanta, ruwan wake ya bushe a hannunta. Sai a nan ta lura ko takalmi ba iri ɗaya ta saka ba. Da nas ta leƙo ta ce, "Ina mahaifiyar Huraira?" Kulu ta miƙe kafin ta yi tunani.

"An samu mace. Ƙarama ce, za ta ɗan kwana a kwalba, amma tana kuka da ƙarfinta. Uwar ma lafiya."

Kulu ta koma ta zauna. Kuka ya zo mata a gaban mutane, mai sauti, irin wanda ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Wata tsohuwa da ke gefenta ta dafa ta tana ba ta haƙuri. Garzali ya ce, "Baba, ba rasuwa ba ce, haihuwa aka yi." Tsohuwar ta ce ta sani, ta ci gaba da dafa ta.

Aka sa wa jaririyar Safiyyah. Rafi ya cika, Hasana ba ta samu zuwa suna ba, amma ta aiko da ƙullin kanwa don kunun mai jego. Likita kuwa ta riga ta ce ban da kanwa, ban da ruwa mai ƙuna. Kulu ta dama kunun gyaɗa, ta yi wankan da ruwa mai ɗumi, kanwar ta shiga miyar gidan. In Hasana ta ari waya ta kira, takan ce, "Ana dai shan kunu?" Kulu ta ce, "Ana sha, har ana ƙari." Sai a ɗan yi shiru, sannan Hasana ta ce, "To, ita yarinyar nan fa?" Kulu ta miƙa wa Huraira wayar ta fita tsakar gida, don su samu su yi shirunsu su biyu.

Bayan arba'in Garzali ya zo da goro da turmin atamfa bikon matarsa, kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Ya ɗauki jakar ya mayar da ita ɗaki.

Jinin Huraira bai koma daidai gaba ɗaya ba. An ce ta riƙa shan ƙwaya guda kowace safiya, ita kuma in ta ji garau sai ta manta, ko ta ce ta manta. Don haka maganin yana wurin Kulu. Yanzu Safiyyah har tana tafiya tana jan zanin mutane, na'urar kuma ta zaga layin, ta shiga gidajen da Binta ma ba ta taɓa shiga ba. Amma kullum, kafin Kulu ta hura gawayi, sai ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ɗora a murfin kwano, ta ɗebi ruwa a kofi, ta je ta tsaya a bakin labulen.

"Inna, ajiye, zan sha in na gama shayar da ita."

"Ina jira."

Huraira ta miƙo hannu ta karɓa, ta kora da ruwa.

"Buɗe bakin in gani."

Ta buɗe. Kulu ta leƙa, ta karɓi kofinta, ta koma bakin murhu.